Tunkiya Mai Safa a Kunne

Abin da na fara gani da muka isa ɗakin cigiya na Baba Ila shi ne wata tunkiya ɗaure a bakin ƙofa, an saka mata safar yara a kunnen hagu. Safar ruwan ɗorawa ce, ta huje a dunduniya, an ɗaure bakinta da zare sako-sako don kada ta matse. Tunkiyar gabanta baƙi ne, bayanta fari, cikinta ya yi nauyi har ya sauka. Manyan motoci na wucewa zuwa boda, 'yan acaɓa na ta oda, ita kuwa tana tuƙa abinta, ko kallonsu ba ta yi.

Mu tara muka je, 'yan ƙungiyar koyon aikin jarida ta makarantarmu, wata ranar Alhamis bayan an tashi. Malama Rabi ce ta kai mu. A hanya ta faɗa mana Baba Ila ne ya fara kawo lasifika Jibiya, kuma shi ne ɗan garin da aka fara jin muryarsa a rediyo. Na san muryar tun ina ƙarama, kowa ya santa, amma ban taɓa ganin mai ita kusa ba. Na ɗauka ƙato ne. Ashe ɗan siriri ne, tabaransa ma ɗaure yake da zare ta gefe guda.

Nafisa, wadda ta fi mu baki, ta leƙa ɗakin ta ce, "Malama, shi ke nan? Tebur da makirfo? Ai magana ce kawai. Ni ko yanzu aka ba ni zan yi."

A ganinta a hankali ta faɗa. Baba Ila yana zuba wa tunkiyar ruwa, bai ko ɗago ba ya ce, "Wadda ta ce magana ce kawai ta matso."

Muka tura ta gaba muna dariya. Ya zare wayar makirfo daga jikin na'ura don kada mutanen tashar mota su ji, ya miƙa mata. "Ga tunkiya an tsinta ran kasuwa. Yi mani cigiyarta, ɗiyata."

Nafisa ta gyara hijabi, ta yi murya irin ta masu karanta labarai. "Jama'a, an tsinci wata tunkiya mai baƙin gaba da farin baya, tana da ciki, igiyarta ta tsumma ce, sannan a kunnenta na hagu..." Ta miƙa hannu za ta zare safar.

"Bar shi nan," in ji shi. "Duk sana'ar tana cikin safar nan."

Ya sa muka zauna a benci, ya yi mana bayani. In an tsinci abu, ana faɗin kamanninsa daidai yadda mai shi zai ji ya taso, amma a ɓoye alama guda wadda mai abin kaɗai ya sani. Ita ake kira shaida. Shaidar wannan tunkiya a kunne take, shi ya sa ya rufe shi. Kwananta biyar a wurinsa. Ka'idarsa kwana bakwai, daga nan sai ya miƙa wa mai unguwa. Kuma akwai wani mutum da ya zo sau biyu yana cewa tasa ce. Zuwan farko ya ce an yanke kan kunnen, na biyu ya ce tambari ne, duk bai dace ba. Yanzu ya ce ranar Lahadi zai kawo mutum biyu su yi masa shaida gaban mai unguwa.

"In mai ita ba ta zo ba kafin Lahadi, ba ni da ta cewa," in ji Baba Ila. "Ni ba alƙali ba ne. Da ita da abin da ke cikinta, sai su tahi inda ba gidansu ba."

Malama Rabi ta ce, "Baba, ka ba su labarin yadda aka fara. Sun ɗauka da makirfo aka haife ka."

"Da ganga aka fara," ya ce. "Wurin mai shela na koya, Ɗanjimma, Allah ya jiƙan shi. Shi ba ya da komi sai ganga da maƙogwaro. Shekara uku ina bin shi, bai bar ni na buɗe baki a kasuwa ba. Aikina tambaya. In an kawo saƙo sai ya ce, tahi ka jiyo sunan mutumin, da sunan uban shi, da unguwar shi, da abin da abokai ke kiran shi. In na dawo in faɗa mashi sau uku. Ya ce Musa sun yi yawa a garin nan, in ka ce Musa ya zo ana neman shi, rabin kasuwa za ta taso. Da na samu lasifika wurin wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗan Maraɗi, na ɗaura ta a keke da batirin mota, sai na ga na fi maigidana. Shi ana jin shi rumfa goma, ni ana ji na har bakin gulbi."

Ya goge tabarau, ya ci gaba.

"Aikina na fari da lasifikar, jaki ne. An tsince shi a hanyar Mazanya. Na zagaye shi na duba shi tun daga hanci har wutsiya, don in nuna wa mutane ni ma na iya. Na hau keke na faɗi komi. Launin shi, gyambon bayan shi, haƙorin da ya karye, har wani ɗan tabo da ke ƙarƙashin wutsiya, ban bar shi ba. Kafin la'asar mutum huɗu sun zo, kowa na rantsuwa. Kowa ya san tabon ƙarƙashin wutsiya. Can sai ga wani tsoho kurma, wanda bai ji cigiyar ba, maƙwabci ne ya jawo shi. Aka ce faɗi kamannin jakinka. Ya ce jaki ne dai, yana da gardama. Aka ce tabon fa? Ya ce wane tabo? Shi bai taɓa ɗaga wutsiyar jakin shi ba."

Nafisa ta riƙe ciki don dariya. Malama Rabi ma ta rufe baki da mayafi.

"Kun ga mai gaskiya ya fi kowa rashin sani, kuma ni na jawo. Ɗanjimma ne ya fid da ni. Ya ce a kwance jakin, kada wanda ya taɓa shi. Jaki ya kama hanya, mu muna biye, ni ina tura keke, yara na yi mani waƙa. Bai tsaya ba sai ƙofar tsohon nan a Mazanya. Da muka waiwaya, mutum huɗun nan babu ko guda. A hanyar komowa maigidana bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, lasifika ta ƙara maka murya, saura ka koyi inda ake yin shiru."

Daga nan ya tashi ya nuna mana kayan aiki. Tsohuwar lasifikar farko tana rataye a bango, bakinta ya lotsa, ya ce rana ce da keke ya kayar da shi a rairayi. Makirfonsa an naɗe kansa da soson katifa, an ɗaure da roba, saboda iska. Akwai rikoda mai maɓallai biyar, ja ɗaya, ya goge har farin ƙarfe ya fito. Kusa da ita akwai biro marar tawada a cikin gwangwani. Na daɗe ina kallonsa ina son in tambaya, ban iya ba. Sai Allah ya sa ya ɗauke shi da kansa, ya zura a ramin wani kaset, ya nuna mana yadda ake naɗe zare in rikoda ta tauna shi.

"Rikodar nan ta yi aikin da lasifika ba ta iyawa," ya ce. "Wata mata ce ta fara kawo mani shawarar, mijinta na dako a Maraɗi, ba ta rubutu, shi ma ba ya karatu. Ta ce ba za ta ba mai rubuta wasiƙa cikinta ba. Na aika mata rikoda cikin gida, na ce ta danna jan nan ta faɗi abin da take so, ni ba zan saurara ba. Na rufe kaset ɗin da takarda, na ba direba. Bayan sati sai ga amsa a ɗaya fuskar. Kafin damina ta fita, ran kasuwa sai in tara kaset cike da kwali, masu tahiya da masu komowa. Na duwan, wato kwastan na boda, har sun san kwalina. Sana'ar a nan ita ce kunne. Kaset na hannunka, rikoda na gabanka, ba kowa a ɗaki. Ban taɓa dannawa ba. Da na danna sau guda, da gari ya sani, don abin da kunne ya ji fuska na nunawa."

Wata daga cikinmu ta tambaye shi yadda ya shiga rediyo.

"Wasu ma'aikata ne suka zo daga birni ɗaukar farashin hatsi, suka ji ni, suka ce in riƙa aiko masu labarin kasuwa da gaisuwa duk sati. Na farko da na aika suka komo mani da shi. Wai in gyara harshe, in yi irin maganar da ake yi a rediyo. Na gwada. Da aka sa, gwaggota ta ce wane ne wanga mai maganar hanci? Ta ce ita ba ta gane ko gero ya hau ko ya sauka ba, ta tsaya sauraren iyayi. Na koma na ce masu ni dai yadda uwata ta koya mani zan yi, in ba ku so ga rikodarku. Suka bari. To ran da aka sa wannan, a tasha aka daina lodi. Mutane ba su taɓa jin maganar gidansu ta fito daga akwati ba. Har daga ƙetare aka riƙa aiko mani da gaisuwa, su ma sun ji nasu."

Ya ce abu uku ne bai taɓa karɓar ko sisi a kansu ba: ɓatan yaro, neman jini a asibiti, da sanarwar rasuwa. Ita rasuwa kuwa ba ya faɗinta sai ɗan gidan ya zo da ƙafarsa, ko da limami ne ya aiko.

"Wata ran kasuwa aka kawo mani yarinya, ba ta fi shekara biyu ba, an tsince ta wajen 'yan tumaki. Ba ta san sunanta ba, ba ta san na uwarta ba, sai kuka. Na faɗi kayan jikinta sau uku, shiru. Kasuwa ta cika, kowace yarinya atamfa ce a jikinta. Sai na kara mata makirfo a baki na ce yi abinki. Ta tsala kuka, lasifika huɗu suka ɗauka. Ban ajiye makirfon ba sai ga mace a guje, takalmi guda a ƙafa. Tun daga layin masu barkono ta gane kukan. Duk da haka sai da ta faɗa mani abin da ke ɗaure a ƙugun yarinyar kafin in miƙa."

"Baba, har da ita?" in ji Nafisa.

"Har da ita. Ita ma da ta huce ta gode mani."

Shekarar da ta fi ba shi wuya, in ji shi, ita ce wadda aka rufe boda. Tasha ta mutu, kamiyo suka yi layi har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Masu kawo tallan shago suka daina zuwa, batirinsa ya mutu bai samu na canji ba. Ya sayar da keken. Wani mai cajin waya ne ya ja masa waya daga injinsa, awa guda da safe, awa guda da yamma.

"Awa biyun nan na raba su," ya ce. "Ta safe cigiya, ta yamma gaisuwa. Mutane na da 'yan'uwa a ƙetare, an yi haihuwa, an yi rashi, ba hanya. A lokacin na koyi wayar nan ta shafa, da tsufana, jikokina na yi mani dariya. In ɗauki murya in tura ma wani abokina can, shi ya sa a lasifikar shi, nashi ya turo mani in sa a tawa. An tsare mota, an tsare buhu, amma barka da ta'aziyya sun ƙetare kullum. Ban samu komi ba shekarar nan, na rame har hulata na juyawa. Amma ban kashe lasifika ko yini guda ba."

A daidai nan aka fara daka a gidan da ke bayan ɗakin. Tunkiyar ta miƙe tsaye, ta juya wajen katangar, ta ja igiya. Na gani, na kalli Baba Ila, na ga shi ma ita yake kallo.

"Kun gani?" ya ce. "Duk ran da aka yi daka haka take. Ta saba in turmi ya yi ƙara dusa na tahe. Ku dubi igiyar, ƙyallen atamfa ne aka tufka. Wagga tunkiyar mace ce, ta cikin gida, a ƙauye. Mai ita ba ta zuwa tasha, ba ta da waya. Lasifikata ta yi kwana biyar tana yi wa maza magana." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Inda ban kai ba ku kuna kaiwa. Wa ke da biki ko suna a ƙauye kafin Lahadi?"

Ni ina da shi. Ƙanwar Innata ta haihu a Gangara, suna ranar Asabar. Na sani, Nafisa ma ta sani. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

"Baba, ga Asma'u," in ji Nafisa. "Sai dai ita ko a aji sai Malama ta matso take jin ta."

"Ba ƙarfi ake so ba," ya ce. "Faɗi mani, Asma'u. Mi za ki ce?"

Na faɗa. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce in cire zancen igiya, ita ma a bar wa mai ita. Da za mu tafi na tsaya a baya, ina jira ya gaya mini abin da ke ƙarƙashin safar. Ya gane.

"Ba zan gaya maki ba. Mata za su tsare ki da tambaya, ke kuwa yarinya ce mai kunya, za ki ji nauyin ƙin amsa wa manya. Abin da ba ki sani ba, ba mai fidda shi daga bakinki."

Ranar Asabar tsakar gidan suna ya cika. Na wanke kwanuka, na raba tuwo, na riƙe jaririya, duk don in ja lokaci. Bayan la'asar Inna ta kama hannuna ta tsayar da ni kusa da randa, ta ce, "Ku saurara, ɗiyata na da saƙo daga Mai Cigiya."

Na fara. Wata tsohuwa ta ce, "Ke da wa kike? Da randar?" Aka yi dariya. Na sake, na ɗaga kaɗan. A na uku har na bakin zaure sun ji. Sai tambayoyi suka taso. Kunnen tsaga ne ko huji? Guda nawa? Na ce ban sani ba. Wata ta ce, "Haba 'yar nan, gaya mani ni kaɗai." Na ce wallahi ban sani ba, kuma na ji daɗin faɗin haka.

Wata mata da ke tuƙa tuwo ta ajiye muciya. "Ai Gwaggo Tsahara ce. Tun Lahadi take yawon daji, tunkiyarta ta bi garken da aka kora kasuwa. Shi ya hana ta zuwa sunan nan."

Aka aika. Kafin magariba sai ga ta, doguwar tsohuwa, ƙafafunta duk ƙaiƙayi. Tun daga zaure take cewa, "Ina yarinyar? Tawa ce, a kunnenta na hagu akwai..."

Ban san lokacin da na ce, "Gwaggo, kada ki faɗa a nan. Ki riƙe sai gaban Baba Ila."

Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗiyar wa ce wagga?" Aka ce ta Hajara ce. Ta ce, "To, na riƙe."

Da safe muka shigo gari mota ɗaya, ni da Inna da ita. Kasuwa ta fara cika. Mutumin nan ya riga mu zuwa da mutanensa biyu, mai unguwa na zaune a benci. Gwaggo Tsahara ba ta gai da kowa ba tukuna, ta yi wani ɗan sauti da harshe. Tunkiyar ta yi kuka ta ja igiya har turken ya motsa.

Baba Ila ya ce, "Wannan ba shaida ba ce, amma mun ji." Ya juya ga mutumin. "Malam, kai ka fara zuwa. Mi ke ƙarƙashin safa?"

Mutumin ya ce tsaga ce guda.

"Gwaggo fa?"

"Tsaga biyu, da huji a tsakani, da koren zare a cikin hujin. Ni na zura shi da allurar ɗinkin ƙwarya. Igiyar kuma zanena ne na bara."

Baba Ila ya kwance zaren, ya zare safar a hankali. Tsaga biyu, huji, koren zare ya yi datti amma kore ne. Mutumin ya ce lallai sun yi kama da tasa, ya yi sallama. Mutanensa sun riga shi kaiwa titi.

Gwaggo Tsahara ta durƙusa tana shafa cikin tunkiyar tana yi mata faɗa. Ta ce in ta haifi biyu ɗaya na Mai Cigiya ne. Ya ce shi ina zai kai rago a ɗakin nan, ta dai yi masa addu'a. Sannan ya shiga ya kunna na'ura, ya hura makirfo sau biyu, ya sanar da tasha cewa cigiyar tunkiya ta ƙare, mai ita ta zo daga Gangara ta karɓi abinta. Ya ce mana cigiyar da aka buɗe dole a rufe ta, in ba haka ba mutane sai su yi ta nema.

Inna ta ce mu tafi, rana na yi. Na bi ta har bakin titi, sannan na ce ta jira ni. Na koma. Yana rubutu a littafinsa, hancinsa kusa da takarda. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago.

"Asma'u. An manta wani abu?"

Na ce, "Baba, sati mai zuwa muna da biki a Mazanya. In akwai wata cigiyar da ba ta kai wurin mata ba, ka ba ni in kai."